Tun Ran Gini, Ran Zane: Maganar Bakin Hanya

(Jawabin da ɗaya daga cikin malaman lakwal ƴan asalin garinmu ya yi a taron ƙungiya na bayan Sallah. Mun buga shi yadda aka faɗe shi saboda ƴan uwan da ba su samu zuwa ba.)



Iyayenmu dattawa, masu gari, malamai, iyayenmu mata da ke zaune can gefe suna saurare, da ƴan uwa waɗanda suka taso daga Maraɗi, Yamai, Kano, Legas, Agadas da sauran wuraren bida, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma neman gafara, tun da yaro ne ya tsaya gaban manya yana magana. An ce mu yi, shi ya sa muka yi.

Kwamiti ya ba mu magana a kan hanya. Da muka ji haka muka ce to, ai wannan kowa ya san ta. Ba taron da za a yi a Sarkin Yamma a watse ba a tashe ta ba, kuma duk wanda ya taɓa ɗaukar mai naƙuda a amalanke ko a bayan kabu-kabu zuwa Maraɗi da damina ba ya bukatar mushe ya yi masa bayani. Ba za mu maimaita ba. Abin da muke so mu ɗora bisa faifai yau shi ne abin da ba a cika tambaya ba: ranar da Allah ya kawo masu aikin hanya da katafilarsu da kamyo-kamyonsu, me za su bar mana a damanta da hagunta? Mota tsakiya take bi, cikin minti biyu ta wuce gari. Mu da gonakinmu da awakinmu da ɗiyanmu kuwa a gefe muke zaune, shekara da shekaru.

A makarantar horon malamai da faransanci aka karantar da mu, kuma akwai wata kalma da ta ba mu wahala ranar da muka fara tsayawa gaban yara, ita ce «paysage». Mun nemi kalmar Hausa guda da ta yi daidai da ita ba mu samu ba. Muka ce wa yara fuskar ƙasa, muka ce musu abin da ido ke ɗauka in mutum ya hau tudu ya duba. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce: «Mushe, ai shi ne yadda gari ke gaishe ka tun ba ka shiga ba.» Mun riƙe wannan, don ya fi namu. A ƙasashen Turawa akwai masu sana'ar da aikinsu ke nan. Sukan zauna tare da injiniyan hanya tun aikin yana bisa takarda, su ce nan a bar wannan icce, nan a kewaye wancan tudu, nan ruwa zai sauka, nan matafiyi zai tsaya ya huta. A Faransa, tun 1989, da ake gina manyan hanyoyi biyu masu suna A20 da A75, gwamnati ta ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin aikin don gyaran fuskar ƙasa da garuruwan da hanyoyin suka ratsa. A Amurka ma an yi doka a 1965 wadda ta taƙaita allunan talla da jujin tsofaffin motoci a gefen manyan hanyoyi.

Mun san abin da wasunku ke faɗi a zuci: wannan maganar ƙoshi ce, mai neman hatsin gobe ina ruwansa da kwalliyar hanya? To, ku tuna da tafiyar ƙasa cikin watan Afrilu, da tsakar rana, a hanyar da ba icce ko ɗaya. Ku tuna da ƙurar jar ƙasa da ke sauka cikin tulun ruwa da bisa shanyar gari duk lokacin da kamyo ya wuce. A wurinmu abin da ke ƙawata hanya shi ne dai abin da ke raya mutum a bakinta, ba a raba su.

Kakanninmu ma ba su jira Turawa ba. Ku dubi burtali. Mutanen da ba su taɓa riƙe alƙalami ba suka yanka wa shanu hanya tsakanin gonaki, suka dasa mata aguwa da dashi dama da hagu, suka san inda za ta faɗaɗa kusa da mashaya. Fatake masu bin hanyar Katsina da Gobir ba su yada zango sai inda rijiya take da tsamiya ko gamji. Malamai kuma sun fi mu sanin labarin Zubaida, matar Haruna Rashidu, wadda ta sa aka haƙa rijiyoyi da tafkunan tara ruwa a hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, yau fiye da shekara 1,200, har yanzu hanyar na amsa sunanta. Alhazanmu da ke nan zaune, su da kansu sun ba mu labarin dogon yaron da suka tarar a filin Arfa, irin wannan namu na ƙofar gida.

Sai dai akwai wani tarihi kuma, maras daɗi, wanda dattawa suka ji daga bakin iyayensu. A ƙasashen da Faransa ta mulka, yawancin layukan madaci da ake gani a tsofaffin unguwannin bariki da bakin tsofaffin hanyoyi da aikin tilas aka dasa su, da aikin tilas aka ba su ruwa, har aka soke shi a 1946. Itatuwan sun rayu don akwai bulala a bayansu. Da bulala ta kau, abin da ya rage a zukatan mutane shi ne iccen bakin hanya iccen gwamna ne: ba ka dasa ba, ba ka da iko da shi, in ka taɓa reshensa ma'aikacin daji ya ci ka tara. Mu a ganinmu wannan ciwon bai gama warkewa ba har yau, kuma duk shirin da bai yi la'akari da shi ba zai mutu a rani na farko.

Ba wai ba a yi ƙoƙari ba. Bayan ambaliyar 1945 da Gulbi ya ci tsohuwar Maraɗi, aka tayar da gari bisa tudu, aka yanka masa tituna miƙaƙƙu masu faɗi, kuma dogon yaro, iccen da asalinsa daga Indiya yake, shi ya yi wa waɗannan tituna rumfa. Bayan babban farin farkon shekarun 1970, Shugaba Seyni Kunce ya mai da 3 ga Agusta ranar dashen icce tun 1975. A watan Mayu na 1984, nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada, wanda ya haifi abin da ake kira Alkawarin Maraɗi. Shekara 50 ke nan muna dashe kowane Agusta. Da a ce rabin abin da aka dasa a bakin hanyoyi ya rayu, da daga nan har Madarunfa mutum ba zai ga rana ba.

Bari mu faɗi laifinmu da bakinmu. Shekarun baya, a wata lakwal da muka yi aiki, mun karɓo dashe 60 na dogon yaro, muka kira yara duk da ana cikin babban hutu, ranar 3 ga Agusta muka jera su a bakin hanyar da ta bi gaban lakwal. Aka ɗauki hoto, aka tafa. Ruwan Agusta da na Satumba ya riƙe su, da muka koma aji a Oktoba suna nan kore shar, har muna nuna wa baƙi. Daga nan aka kwashe amfanin gona, aka saki dabbobi. Ƙayar da muka kewaye su da ita, masu neman makamashi suka zare ta kaɗan-kaɗan, ba mu kuma ga laifinsu ba. Rijiya da nisa, ga shi ba za ka sa ɗan mutane ɗibar ruwa kullum uwarsa ta ƙyale ka ba. Kafin ruwan farko ya sauka, 4 suka rage. Muka je muka tsaya kan waɗannan 4 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Na farko yana ƙofar masallaci, inda ruwan alwala ke gangarowa. Na biyu wurin mai facin taya ne, ya kifa masa tsofaffin tayoyi, kullum da marece yana juye masa ruwan da yake gwajin faci da shi. Sauran biyun wata tsohuwa mai ƙosai ce ta naɗe su da tsumman tabarma, ta ce nan za ta ajiye kaskonta in sun girma. Muka tambayi kanmu, su 56 ɗin da suka mutu, na wa ne? Na lakwal ne, na gari ne, na ƙasa ne. Ba wanda zai tashi da asuba saboda su.

Abin mamaki, maganin wannan ciwo a ƙasarmu ta Maraɗi aka gano shi, kuma a bakin hanya. A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya gaji da dashen da ba ya rayuwa. Yadda shi da kansa ya ba da labari, wata rana yana tafe da dashe a mota ya tsaya rage iskar taya saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro. Da ya duba ganyen sai ya ga ashe icce ne da aka sare, kututturen yana da rai, saiwarsa tana can ƙasa tana shan ruwa. Abin da yake bukata kawai a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Wannan shi ne sassabin zamani da kowannenku ya sani, wanda ya bazu bayan yunwar 1984. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar sun rayar da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Manoma ne suka yi, da gatarinsu, ba bokiti ba tanki, saboda sun yarda iccen nasu ne. A 2020 gwamnati ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa kan iccen da ya raina a gonarsa.

To ku fita ku dubi bakin hanyarmu. Cike yake da kututturan kalgo da sabara da magarya da ƴan gawo, kowace shekara suna tohowa, kowace shekara ana sassabe su. Rabin dashen da muke nema yana nan tun tuni cikin ƙasa. Abin da babu shi ne yarjejeniya. Mai gonar da ta yi iyaka da hanya yana tsoron in ya raini icce a wannan tsiri, gobe a ce na hukuma ne. Saboda haka abu na farko da muke roƙo shi ne ƙungiya ta zauna da ofishin komin, da ma'aikatan daji, da kwamitin kula da filaye na gari, a rubuta a takarda: daga wannan dutse zuwa wancan, itatuwan bakin hanya amanar gidan wane ne, shi ke da sassabe, shi ke da ƴaƴa da ganye, amma ba shi da ikon kayar da uwar icce.

Yanzu wane icce, kuma a ina? Nan ne muke so mu ɗan daɗe, don nan ake yawan kuskure.

Dogon yaro iccen cikin gari ne. A tasha, a kasuwa, a ƙofar lakwal da likita, ba shi da na biyu, don inuwarsa ba ta yankewa rani da damina. Amma wannan inuwar ita ce laifinsa a gona. Hatsi ba ya yi ƙarƙashinsa, saiwarsa kuma tana yawo kusa da sama tana cin abincin shuka. In kamfani ya jera wa manomi dogon yaro a bakin gonarsa ba tare da shawara ba, manomin ba zai yi gardama da kowa ba. Zai jira dare ya kewaye bawon da wuƙa, bayan wata biyu a ce icce ya bushe da kansa. Mun gani, kun gani. Tsakanin gonaki gawo ya kamata, shi da ke zubar da ganye da damina ya bar wa hatsi rana, ya yi kore da rani lokacin da matafiyi ke neman inuwa, ya ba tumaki ƴaƴa, ya bar wa ƙasa taki. Ba banza ba ake ba da labarin tsananin hukuncin da Sarkin Damagaram Tanimu ya ɗora wa mai saran gawo. Aduwa da kalgo su ma ba su da faɗa da manomi. Turare kuwa, a nisanta shi da rijiya da gona, mashayin ruwa ne, ba abin da ke tsira a gindinsa. Mangwaro a kai shi fadama ko cikin gida. Kada a kuskura a dasa shi dab da hanyar da mota ke gudu, domin duk inda ɗanyen mangwaro yake akwai yaro da dutse a hannu, idonsa na sama, ba ya ganin abin da ke tahowa.

Sai tazara. A littattafan karatun da aka ba mu muna yara akwai hotunan hanyoyin Faransa, itatuwa jere dama da hagu dab da kwalta kamar sojoji. Abin da littafin bai faɗa mana ba shi ne da motoci suka yawaita suka ƙara gudu, mutane da yawa sun mutu a gindin waɗannan itatuwa, har aka sare dubbai. Kada mu ari rigar da mai ita ya tuɓe. Ga yadda muke gani, injiniyoyi kuma su gyara mana: kwalta ko jar ƙasa a tsakiya, sai kafaɗar hanya, sai lambatun ruwa, sai a bar wata ƴar hanya ta rairayi mai faɗin amalanke, sa'annan layin itatuwa. Da haka mai amalanke da jakinsa, da yaran da ke tafiya lakwal, da matan da ke ɗauke da kaya ranar kasuwa, duk za su bi inuwa, su bar wa mota wurinta. Yawancin haɗarin da muke ji da dare ai amalanke ne maras fitila bisa gudro. A kan kwana da mararraba kuma kada a bar wani abu mai duhu da ya wuce gwiwa, direba ya hango mai fitowa tun daga nesa. Inda wayar lantarki za ta bi, a san gefenta tun farko, a ba ta gefe guda, a bar wa dogayen itatuwa ɗaya gefen. In ba haka ba, shekara goma ana raino, rana ɗaya a zo a guntule su.

Kada mu manta da iska. Kowa ya san guguwar gabas da ke rigan ruwa, wadda ke binne shuka tana da kunne biyu. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara dasa dogayen layukan itatuwa don karya iska, kuma manoman wurin sun ga bambanci a rumbunansu. Hanya mai layin icce tana iya yin wannan aiki ga gonakin da ke yamma da ita. In aka haɗa da tsirin gamba a ƙasa, ƙura ta ragu, rairayi ya daina hawa hanya, ga kuma zana.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi ba mu tsoro, wato ruwa. Hanyar zamani ɗaga ta ake yi sama da ƙasa, saboda haka duk hanya madatsar ruwa ce, ko an so ko ba a so ba. Ruwan da a da yake malala a hankali bisa faɗin gonaki ashirin, yanzu zai taru a jikin hanya yana neman ƙofa. Injiniya ya yi masa ƙofa guda, kwalbati ko radiye, duk ya fita ta nan da ƙarfin doki. Ƙasarmu kuwa jigawa ce. Gonar da ke bakin wannan ƙofa, damina uku ta isa a ga kwazazzabon da zai haɗiye raƙumi, daga nan ya ci gona ta biyu, ya dawo baya ya ci hanyar kanta. Wanda ke ɗaya gefen kuma, in ƙofar ta yi ƙanƙanta ko leda ta toshe ta, ruwa ya kwana a gindin katangarsa. Daminar 2024 ta nuna wa Maraɗi abin da ruwan da ya rasa hanya ke yi, an yi asarar rayuka da gidaje, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Injiniya yakan zo da rani, da na'urar awo da taswira, ya kwana biyu ya koma. Ilminsa gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin wannan taro akwai dattawan da za su iya nuna da sanda inda ruwa ya bi a kowace babbar damina tun suna samari. Wannan sani bai shiga takardar kowa ba. A yankin Tigray na ƙasar Habasha, ruwan da ke fita daga kwalbatocin hanya jan sa suke yi zuwa tafkuna da gonaki, ya zama abin amfani. Mu ma mun iya jera duwatsu, mun iya haƙa rabin wata, mun san gamba. Abin nema shi ne a sa wannan cikin kwangila, kamfani ya yi shi da injinsa lokacin da injin yake nan.

Haka maganar kariyar, ramin da ake ɗibar jar ƙasa. Kowace hanya tana barin irin waɗannan ramuka a bayanta. In an ƙyale kamfani, zai haƙa inda ya fi masa kusa, ya bar bango a tsaye kamar rijiya, ya tafi. Da damina ta cika, sauro ya samu gida, yara su tafi wanka, kuma ba mu so mu faɗi sauran, don akwai gidajen da suka san shi. Ramin nan kuwa da za a zaɓi wurinsa nesa da gidaje, kusa da burtali, a kwantar da bakinsa yadda saniya za ta sauka ta hau, a ajiye ƙasar sama gefe a mayar da ita bayan aiki, da ya zama mashaya har tsakiyar rani, masu bulo su ma su samu. Aikin yini biyu ne ga katafila. Bayan ta tafi kuwa, ko gari duka ya fito da kwando ba zai iya ba. Mai filin da za a haƙa kuma kada ya yarda da maganar baki, ko da wa aka turo masa.

Tun da mun ambaci burtali, inda ya gitta hanya a yi masa gangara da allo, kuma ranar shawara a kira ƴan uwanmu Fulani, don su ne za su bi da garke.

Duk waɗannan abubuwa a takarda ake yanke su, tun kafin mu ji ƙarar inji. Dokar ƙasa ta 14 ga Mayu 2018 ta wajabta a yi binciken abin da babban aiki zai jawo wa muhalli da jama'a kafin a fara shi, akwai kuma ofishin ƙasa mai suna BNEE da ke duba wannan bincike. Cikinsa dole a tara mutanen wurin a ji ta bakinsu. Mun halarci irin wannan zama a wani gari. Aka tara jama'a ƙarƙashin icce, baƙi suka yi bayani, aka ce akwai mai tambaya? Tambaya biyu aka yi: yaushe za a fara, kuma nawa ne diyya. Aka sa hannu, aka yi addu'a, aka tashi. Ba wanda ya tambayi inda ruwa zai fita. Ba wanda ya ce a kauce wa tsohuwar tsamiyar da suke zaune a gindinta. Diyya haƙƙi ce, a nema, amma kuɗin diyya ba ya kai Sallah biyu. Kuma in an ce kamfani zai dasa itatuwa a madadin waɗanda ya tumɓuke, mu nemi a ƙirga su bayan rani biyu, ba ranar da aka yanke kyalle ba, kuɗin ban ruwa kuma a ba gidajen da aka rubuta sunansu.

Kada wani ya ce wannan duk nesa take. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, kuma daga iyaka zuwa Maraɗi ƙasar Madarunfa ce. Inda irin wannan aiki ya zo, hanyoyi na biye da shi. Mun kuma ga Maraɗi Kwalliya a 2015, lokacin bikin 18 ga Disamba, yadda aka shimfiɗa tituna aka kafa fitilu cikin ƴan watanni. Birni ya yi kyau, ba musu. Sai dai fenti kullum koɗewa yake, fitila kullum tana neman gyara, icce ne kaɗai cikin kayan kwalliya yake ƙara kyau da tsufa, shi ne kuma ba a iya yi da gaggawa. Tun ran gini, ran zane, in ji magabata.

Ƴan uwa na bida, mun ji ana shawarar a tara kuɗi a gina babbar ƙofar siminti a mashigar gari, da sunan gari a sama. Ba mu ƙi ba, muna son baƙo ya san ya iso. Amma ku gwada lissafi: kuɗin wannan ƙofa, gida nawa zai biya ladan rainon icce goma-goma har shekara biyu? Ku da kuke ganin duniya, muna roƙonku abu mai sauƙi. Duk inda kuka ga bakin hanya mai kyau, ko wanda ruwa ya cinye, ko kariyar da aka mayar tafki, ku ɗauka da salula ku aiko wa sakataren ƙungiya. Ranar da baƙi suka zo shawara, hoto zai yi mana maganar da faransancinmu ba zai iya ba. Waɗanda kuma ke da ɗa ko ƙane da ya karanci aikin hanya ko aikin daji, a ba mu sunansa.

Iyayenmu dattawa, ku namu roƙon ya fi nauyi. Muna so mu zana taswirar hanyarmu da hannunmu kafin wani ya zana mana. A sa kowace rijiya, kowace maƙabarta har wadda aka daina binnewa, filin idi, mahaɗar burtali, kowane babban icce da sunan da ake kiransa, da duk inda ruwa ke tsallakawa. Kwafi ɗaya a wurin mai gari, ɗaya a komin, ɗaya a akwatin ƙungiya. Mun yi magana da iyayen yaran aji shida, sun yarda. Ranar Asabar mai zuwa, bayan sallar asuba, za mu tashi daga ƙofar lakwal da igiya mai mita 50 da littafi biyu, yara na awo, ku kuna faɗi, mu muna rubutawa. Dattijon da ƙafa ba ta ba shi, an samo amalanke da tabarma, kuma za mu dawo kafin rana ta yi zafi.